Gwauruwar Sojan Da Aka Hana Wa Ta'aziyya: Daga Burmi Zuwa Jazira

A ranar jubili al'ada ce a ƙidaya albarku. A kan lissafta majami'un da aka gina, da makarantu, da ɗakunan magani, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma. Wannan daidai ne, gama wanda ba ya tuna alheri ba zai iya godiya ba. Amma wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 25 ya sani jubili a Isra'ila shekarar mayarwa ce: gonar da ta fita daga hannun mai ita ta koma ma sa, bawa kuma ya koma wurin danginsa. Saboda haka a cikin waɗannan shafuffuka muna so mu ɗauko wani tsohon bashi da ba a biya ba tukuna. Mai bin bashin kuwa mace ce, watau gwauruwar sojan da ya dawo daga yaƙi da rai, daga baya ya kashe kansa. Za mu neme ta a ƙauyukan 'yan'uwanmu Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu, a ƙasar Sudan, gama yaƙi ya daɗe yana bi ta kansu, kuma harshen da mu ke karanta wannan takarda da shi, shi ne su ke kuka da shi.

Garin da masu takaba suka isa

Ranar 15 ga Maris 1903 sojan Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira. Jama'a suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa, da mata da 'ya'ya, har garuruwa suka soma watsewa. Turawa suka cim ma sa a Burmi, wajen kogin Gongola, ranar 27 ga Yuli. Can aka kashe shi, da mutane fiye da 600 tare da shi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a ya ci gaba da tafiya, har a 1906 suka sauka a Shehu Talha, a bakin Shuɗin Nilu. Daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar.

Masu rubuta tarihi su kan ƙidaya mazan da suka faɗi a Burmi. Amma kowane magidanci da ya faɗi ya bar mace a baya. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma a ɗakin miji a ke yin ta. To, ina ɗakin mijin wadda ke bisa hanya, da goyo a baya, da ƙwarya a kai, da tafiyar shekaru a gabanta? Waɗannan mata sun sha wuya ƙwarai. Duk da haka akwai abu guda da ba wanda ya ƙwace mu su, watau mutunci. Jama'arsu suna kiran mazajensu shahidai. Gwauruwar Burmi tana iya faɗin sunan mijinta a tsakar gida, 'ya'yanta su ɗaga kai. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci, gama wadda mu ke nema ba ta da ko wannan.

Auduga, da kaki, da Bishara

Mutanen Mai Wurno ba su kaɗai ba ne. Tun da daɗewa alhazai daga Kano da Katsina da Borno su ke bi ta wannan hanya zuwa Sawakin, su haye Bahar Maliya. Da yawa guzuri ya ƙare mu su, suka tsaya neman kuɗi, tsayawar nan kuwa ta zama zama. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai aikin ya nemi hannuwa. Hausawa suka shiga, wasu da tsinkar auduga, wasu suka sami hawasha, watau gonar da hukuma ta ke ba manomi ya riƙa. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari. Ƙauyukansu suka yaɗu daga Madani har Rusairis da Damazin. Jama'a ce ta Musulmi, masu riƙon addininsu.

Bishara ta zo wannan yanki ta wata ƙofa dabam. Bayan da Italiya ta ci Habasha, aka fitar da 'yan mishan na SIM daga can, sai suka juyo Sudan. A 1938 suka buɗe tashoshi can kudu, a Doro cikin Mabaan, da Chali cikin Uduk. Ba su daɗe ba yaƙi ya same su. A watan Yuli 1940 Italiyawa suka kama Kasala da Kurmuk, ranar 23 ga Agusta kuma jiragensu suka jefa bom a kan tashar Doro, Likita Robert Grieve da matarsa Claire suka rasu. A Fabrairu 1964 gwamnati ta kori 'yan mishan daga kudu, amma Ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta.

Tun daga lokacin ƙasar ba ta huta sosai ba. Yaƙin basasa na fari ya faro daga tawayen Torit a 1955 ya kai 1972. Na biyu ya tashi a 1983 ya kai 2005, a cikinsa Kurmuk ta sāke hannu, masu bi na Chali kuma suka gudu Habasha a 1987. A 2011 wuta ta sāke kamawa a Shuɗin Nilu. Cikin dukan waɗannan shekaru samarin ƙauyukan bakin kogi sun sa kaki kamar na kowa, wasu da son ransu, wasu bisa tilas. Waɗanda suka dawo, ba dukansu ne suka dawo yadda suka tafi ba.

Yaƙin da ke biyo soja gida

Dattawanmu na ƙasar Hausa sun san wannan. A yaƙin Hitila sojan Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun yi tafiya daga Mogadishu har Harar a 1941, daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka shiga dazuzzukan Bama. Da suka dawo, an ga waɗanda ba su iya barci, waɗanda ƙarar tsawa ta kan jefa su ƙarƙashin gado, waɗanda fushi ya kan kama su ba dalili, da waɗanda suka faɗa shaye-shaye. Mutane suka ce aljanu ne, ko jifa, ko haƙƙin jini.

Turawa ma sun daɗe cikin duhu a kan wannan. A 1915 wani likitan soja na Ingila, Charles Myers, ya rubuta labarin sojojin da ba su da rauni a jiki amma suna rawar jiki, sun manta abubuwa, ba su gani sosai, ba su kuma jin wari ko ɗanɗano. Manyan soja da yawa suka ce ragwanci ne. A yaƙin nan an harbe soja 306 na rundunar Ingila saboda gudu ko tsoro da makamantansu, sai a 2006 aka yafe mu su, bayan iyayensu da matansu sun tafi kabari da kunya. Sai a 1980 likitocin Amurka suka sa wannan ciwo cikin littafinsu na cututtuka, suka ba shi suna. Da Hausa za mu kira shi ciwon razana bayan masifa. Mai shi ya kan ga abin da ya wuce kamar yanzu ya ke faruwa, ya guje wa duk abin da zai tuna ma sa, jikinsa kuma ba ya sauka daga shirin gudu ko faɗa. In baƙin ciki mai nauyi ya haɗu da wannan, da rashin aiki, da abin maye, da makami a kusa, mutum ya kan kai inda ba ya ganin wata ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da 700,000 ke mutuwa da hannun kansu kowace shekara.

Kaya uku a kan mace guda

Yanzu bari mu shiga ɗakin matarsa. Kowace gwauruwa tana da makoki. Wannan kuwa kaya uku ne a kanta.

Na fari razana. Sau da yawa ita ce ta fara ganinsa. Ta kuma yi watanni ko shekaru tana kwana kusa da mai firgita cikin dare, tana auna kalmominta don kada ya fusata. Abin da idonta ya gani ya kan tsaya ma ta a gaba, har in ta so ta tuna fuskarsa ta ranar aure, sai waccan ranar ta rufe ta.

Na biyu makoki, wanda ke haɗe da tambaya. Me ya sa? Da ban je rijiya ba fa? Da na yi shiru a daren nan fa? Wani sa'i kuma ta ji haushinsa, ko ta ji sauƙi domin tsoro ya ƙare, sa'an nan ta tsani kanta saboda jin haka.

Na uku kunya. Irin wannan mutuwa a kan ɓoye ta, a ce zazzaɓi ne ko haɗari. Masu zuwa gaisuwa su ragu, waɗanda suka zo kuma su rasa abin faɗa, su tashi da wuri. Dangin miji su kan nemi wanda za su ɗora wa laifi, ita ce kuwa mafi kusa. Abokan mijinta da suka faɗi a filin daga ana kiran sunayensu da girma, nasa kuwa sai a sunkuyar da kai. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Danmak, aka buga a 2017, ya nuna waɗanda abokan aurensu suka mutu haka sun fi sauran masu makoki faɗawa cikin ciwon damuwa da na hankali, har da haɗarin bin sawun mamacin. Watau shirun da mu kan yi ma ta yana iya zama sanadin gawa ta biyu.

Abin da aka yi a dā

Dole mu faɗi gaskiya, Ekklesiya ta taɓa ƙara ma ta kaya. Bayan da aka ci birnin Roma a shekara ta 410, wasu mata Krista suka kashe kansu saboda tsoron fyaɗe. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya rubuta a kan wannan cikin littafinsa na Birnin Allah. Ya koyar cewa dokar da ta hana kisa ta haɗa da ran mutum na kansa. Amma ya ƙara abu biyu da na baya suka manta: macen da aka ci wa zarafi da ƙarfi ba ta ƙazantu ba, laifin na mai yi ne, kuma mai tausayi ba zai ƙi yafe wa matan nan ba. Na bayansa suka riƙe hukuncin, suka yar da tausayin. Taron bishop-bishop na Braga, wajen shekara ta 561, ya hana a binne irin wannan mamaci da waƙa da addu'a. A Ingila a kan binne shi a mararraba da dare har 1823. Gwamnati tana da ikon ƙwace dukiyarsa har 1870, watau a hukunta matacce ta wurin talauta gwauruwarsa da marayunsa. Sai a 1961 aka fitar da abin daga cikin laifuffukan doka a can. Dokar laifuffuka ta Arewacin Nijeriya ta 1960 ma ta sa ɗauri a kan wanda ya gwada bai mutu ba.

Amma ba a rasa masu wata murya ba. Martin Luther ya gaya wa almajiransa bai yarda a ce dukan irin waɗannan sun hallaka ba, gama a ganinsa an fi ƙarfinsu ne, kamar matafiyin da ɗan fashi ya kayar a daji. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, ko da ya ke suna ɗaukar abin babban zunubi, koyarwar Imamu Malik, wadda Hausawa ke bi daga Sakkwato har Sinnar, ita ce a yi wa mamacin salla a binne shi, a bar al'amarinsa ga Allah. Bai kamata mu da ke wa'azin alheri mu gaza wannan ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Maganar Allah ba ta yaba wa kashe kai ba ko sau ɗaya. Rai na Mai ba da shi ne. Amma ku duba yadda aka yi da gawar soja da iyalinsa. A 1 Sama'ila sura 31, sarki Saul ya ji rauni a Dutsen Gilbowa, 'ya'yansa uku sun faɗi, sai ya mutu da takobin kansa, mai ɗaukar ma sa makamai kuma ya bi shi. Filistiyawa suka wulakanta gawarsa a garun Bet-sheyan. Mutanen Yabesh-gileyad, waɗanda suka tuna ya taɓa cetonsu, suka yi tafiyar dare suka ɗauko shi, suka binne ƙasusuwansa, suka yi azumin kwana bakwai. Dauda, wanda Saul ya yi ta farauta, ya yi makoki dominsa, ya aika wa mutanen nan da albarka. Sun auna mutumin da dukan kwanakinsa, ba da sa'arsa ta ƙarshe kaɗai ba.

Saul ya bar wata mace, Rizfa, ƙwarƙwararsa. Labarinta yana cikin 2 Sama'ila sura 3 da sura 21. Bayan mutuwarsa manya suka mai da ita abin jayayya. Daga baya aka ba da 'ya'yanta biyu ga Gibeyonawa saboda laifin ubansu. Ta zauna a kan dutse tun farkon girbin sha'ir har ruwa ya sauko, tana korar tsuntsaye da namomin jeji daga gawawwakin. Littafi bai rubuta ma ta ko kalma ɗaya ba. Amma da labari ya kai kunnen Dauda, ya tashi ya tattaro ƙasusuwan Saul da Jonatan da na waɗanda aka kashe, aka binne su da mutunci, Saul a kabarin ubansa Kish. Bayan wannan ne Allah ya karɓi roƙo domin ƙasar.

Ku tuna kuma da Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Sa'ad da ya roƙi mutuwa a jeji, ba a fara ma sa da tsawa ba. An bar shi ya yi barci, an ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan aka tambaye shi damuwarsa, aka bar shi ya maimaita ta, daga bisani aka ba shi aiki da abokin tafiya. A Filibi kuma, da mai tsaron kurkuku ya zare takobi, Bulus ya ɗaga murya ya tsai da shi, daren nan kuwa dukan gidansa suka sami ceto. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 16.

Abin da likitoci suka koya

Uban wannan ilimi a Sudan shi ne Likita Tijani al-Mahi, haifaffen Kawa a bakin Farin Nilu a 1911. Bayan ya gama karatu a Landan a 1949 ya buɗe ɗakin duba masu ciwon hankali a Hartum ta Arewa. Bai raina malaman gargajiya da mutane ke zuwa wurinsu ba, ya nemi su san juna, domin ya gane mai ciwo ba ya rabuwa da jama'arsa. Ya rasu a 1970, aka sa wa asibitin Umdurman sunansa. A Nijeriya kuma Likita Adeoye Lambo ya soma a 1954 ya sauke marasa lafiya a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su. Su biyun darasi guda suka bari: likita yana da nasa aiki, amma rabin magani a hannun dangi da maƙwabta ya ke.

A Amurka wani masani, Edwin Shneidman, ya koyar cewa kula da waɗanda mamacin ya bari shi ne rigakafin mutuwa ta gaba. A 1994 Bonnie Carroll, wadda mijinta janar ne da ya rasu a haɗarin jirgin soja a 1992, ta kafa ƙungiyar TAPS domin iyalan sojan da suka mutu. Wata gwauruwa, Kim Ruocco, wadda mijinta matuƙin jirgin yaƙi ya kashe kansa a 2005 bayan ya dawo daga Iraƙi, ta gina sashen ƙungiyar mai kula da irin wannan rashi. Hanyarsu mataki uku ce. Da fari a tsai da mai makoki da ƙafafunta: barci, abinci, lafiyar yara, da kawar da haɗari. Sa'an nan a yi aikin makokin kansa. A ƙarshe ta sami sabuwar ma'ana, sau da yawa ta wurin riƙe hannun wata sabuwar gwauruwa. A 2011 shugaban Amurka Obama ya sauya tsohuwar al'adar da ta hana a aika takardar ta'aziyya ga iyalin sojan da ya mutu haka a fagen yaƙi.

Likita Katherine Shear ta tsara magani na zama 16 domin makokin da ya ƙi sauka. A ciki mai makoki ta kan ba da labarin ranar mutuwar a hankali, sau da sau, har ya daina yanka ta kamar wuƙa. Ta koma kaɗan kaɗan wuraren da ta ke gudu. Ta kuma sa wa kanta wani buri na gaba. A gwajin da aka buga a 2005, kashi 51 cikin 100 suka sami sauƙi ta wannan hanya, ta tsohuwar hanya kuwa kashi 28. Yanzu littafin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya san da makoki mai daɗewa, wanda ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Domin wuraren da ba likita, hukumar ta fitar a 2016 da wani tsari na zama 5 wanda za a iya koya wa mutumin gari. Ekklesiyoyin Afirka kuma sun sami littafin Healing the Wounds of Trauma a 2004, wanda aka shirya tare da fastoci daga ƙasashen yaƙi, yana koya wa masu bi sauraro, da kai kuka gaban Allah yadda masu Zabura suka yi.

Abu guda duka suka tarar: muddin razana tana tsaye a bakin ƙofa, makoki ba ya samun shiga ya yi aikinsa. Sai an kwantar da tsoro tukuna mace ta iya yin kukan mijinta.

Kwanakin nan a bakin kogi

A watan Yuli 2022 faɗa ya tashi a Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya sāke tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubban mutane suka bar gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF. Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja a ƙarshen Yuni 2024. A Oktoba 2024 aka auka wa ƙauyukan gabashin Jazira, ƙungiyoyin mata kuma suka ba da labarin waɗanda suka kashe kansu bayan an ci zarafinsu, tamkar matan Roma na zamanin Agustin. Sojan gwamnati suka koma Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma ranar 11 ga Janairu 2025. Asibitoci da yawa sun rufe cikin yaƙin, likitoci suka watse. Tarihin da muka bi ya koya ma na cewa ran da bindiga ta yi shiru, ran nan ne wannan ciwo ya kan fara nuna kansa a cikin gidaje.

Biyan bashi

To, me za mu yi, mu da ba likitoci ba?

Na fari, mu je gaisuwa, mu zauna. Mu kira sunan mamacin, mu tuna alherinsa. Hukuncin ransa ba a hannunmu ya ke ba, kada kuwa wani ya tsaya a kan kabari ya yanke abin da Allah bai ba shi ya yanke ba.

Na biyu, mu fara da abin da aka fara wa Iliya: hatsi, da ruwa, da mai kwana tare da ita, da kuɗin makarantar yara. Dattawa su tsaya kada a ƙwace ma ta ɗaki ko gona ko haƙƙin aikin mijinta. Manzanni sun zaɓi mutum bakwai musamman domin abincin gwauraye.

Na uku, mata su saurare ta. Wannan aikin Zumuntar Mata ne, gama mai takaba ba ta buɗe cikinta ga namiji baƙo. Kada a tilasta ma ta magana, kada kuma a rufe ma ta baki da cewa ta yi haƙuri. In ta ce laifinta ne, a gaya ma ta a hankali, sau da yawa, cewa ciwo ne ya kayar da shi, wanda ya samo tun daga fagen fama. Abin da ta faɗa kuwa ya tsaya a ɗakin. Yara ma a gaya mu su gaskiya gwargwadon shekarunsu, kada su tsince ta a bakin rijiya.

Na huɗu, mu yi tsaro. In ta ce gara ta bi shi, a tambaye ta a fili ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sai dai ta buɗe ma sa ƙofa. Kada a bar ta ita kaɗai. A fitar da bindiga da maganin ƙwarin gona daga gidan, a kai ta wurin likita ko ma'aikacin lafiya ba da jinkiri ba. Haka kuma in watanni sun wuce ba ta barci, ba ta ci, ba ta iya kula da yara. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Sojan da ya dawo yana firgita ma a yi ma sa haka tun da sauran lokaci.

Na biyar, mu koma bayan arba'in, da bayan fitar takaba, da ranar cikar shekara, sa'ad da kowa ya watse. Makarantar gwauraye ta ECWA a Samaru Kataf ta nuna abin da sana'a a hannu ta kan yi wa mace da marayunta.

Mafi yawan matan nan na Jazira da Shuɗin Nilu ba 'yan Ekklesiya ba ne. Kada mu sa sharaɗi a kan ƙwaryar tuwo. Basamariyen nan bai tambayi addinin wanda ya tarar a hanyar Yariko ba. Wanda ke da dangi a Mai Wurno ko Madani ko Damazin, ya aika gaisuwa da gudummawa. Wanda ba shi da kowa can, ya duba bayan barikin garinsa, gama ba za a rasa irin wannan ɗaki ba. Jikokin matan da suka yi takaba a kan hanyar Burmi jininmu ne.

Ubangiji, Uban marayu, Mai tsaya wa gwauraye, ya gafarta ma na shirunmu na dā, ya ba mu ƙafafun mutanen Yabesh-gileyad da kunnen da ya ji labarin Rizfa. Ya ba ƙasar Sudan salama. Amin.